Ra'ayinmu: Yara biyu, jaka ɗaya

A taron reshe na watan da ya gabata, bayan an sha dogon zance a kan ƙarin girman da ya maƙale da kuɗin hutun da har yau ba a biya ba, wata malamar aji biyar ta ɗaga hannu ta roƙi shugaba ya ba ta minti uku a kan batun da ba ya cikin abubuwan da aka shirya tattaunawa. Minti ukun nan sai da suka cinye kusan sa'a guda.

Ta ce yara biyu 'yan ajinta ne suka yi fashin makaranta tare, Alhamis da Juma'a. Na farkon ya dawo ran Litinin da takarda daga mahaifinsa, wadda ke bayanin cewa ya je gasar golf ta yara, har ma ya zo na uku. Na biyun ya dawo hannu rabbana, ba takarda ba uzuri. Sai da aka matsa masa sannan ya faɗi gaskiya: shi ma filin nan ya je, amma jakar sanduna ya ɗaukar wa wani babban mutum, aka sallame shi da ɗan abin da ya kai wa mahaifiyarsa ta yi cefane. Hedimasta ya ba da umarni a fito da na farkon gaban taron safe a tafa masa, na biyun kuma a hukunta shi. Tambayar malamar ita ce, a rajista fa me za ta rubuta? Darussan lissafin da aka yi a kwanaki biyun nan sun wuce su su duka, kuma ranar jarrabawa takarda ba za ta tantance wanda ya riƙe sanda da wanda ya ɗauki jaka ba.

Wasu daga cikinmu sun yi dariya, kuma ba mu ga laifinsu ba. Malamin da ke koyarwa a ajin da rufinsa ke yoyo, wanda ke sayen alli da kuɗin aljihunsa, yana da hujjar cewa golf wasan manya ne, ina ruwan biri da gada. Amma kafin a tashi taron sai ta bayyana cewa takarda ta riga ta isa wasu makarantunmu daga kulob ɗin da ke garin nan, ana neman a zaɓo yara ƙanana a koya musu wasan, waɗanda suka yi fice kuma a riƙa kai su gasa a wasu garuruwa. Iyaye sun fara tambayar malamai ko su sa hannu. Tun da haka ne, maganar ta shigo gidanmu, kuma bai kamata kowane malami ya riƙa yanke hukunci shi kaɗai a bakin ƙofar ajinsa ba.

Wasan ba baƙo ba ne a Arewa kamar yadda ake zato. Filin Rayfield da ke Jos tun 1913 yake, zamanin Turawan haƙar kuza, na Kaduna kuwa tun 1921. Saboda ƙarancin ruwa, a filayenmu an daɗe ana shimfiɗa yashi da aka cakuɗa da mai a kewayen ramin, maimakon lallausar ciyawar da ake gani a talabijin. A tsawon waɗannan shekaru, rabon 'ya'yan talakawa a wasan shi ne ɗaukar jaka da farautar ƙwallon da ta faɗa cikin ciyawa. Ta wannan ƙofa ce kuwa da yawa daga cikin ƙwararrun 'yan wasan ƙasar nan suka shigo: yaro ya yi ta kallon maigida yana bugu, ya koma bayan fili ya lanƙwasa ƙarfe ya kwaikwaya. Abin da ya sauya yanzu shi ne ana kiran yaron ya zo ya buga da kansa. An mayar da golf cikin wasannin Olamfik a 2016, bayan rabonsa da su tun 1904, kuma wata 'yar Nijeriya, Georgia Oboh, ta sami gurbi a gasar ƙwararrun mata ta Turai tana da shekara 17. Iyaye sun ji waɗannan labarai, sun kuma fara lissafi.

Bari mu fara ba wasan haƙƙinsa, domin yana da abin da ya kamata ya burge kowane malami. A ƙwallon ƙafa akwai alƙali da usur yana biye da kai, kuma ɗan wasan da ya iya faɗuwar ƙarya a gaban raga har yabonsa ake yi. A golf galibi babu mai tsaye a kanka. Ramuka 18 ne, tafiyar kusan sa'a huɗu, kuma wanda ya kammala da bugu mafi ƙaranci shi ya ci. Abokin karawarka ne ke rubuta maka adadin bugunka a kati, kai kuma ka duba ka sa hannu. In ka karya doka a inda babu wanda ya gani, kai ake jira ka kai ƙarar kanka. A gasar US Open ta 1925, ƙwallon Bobby Jones ta ɗan motsa a cikin ciyawa lokacin da yake shirin bugu. Shi ne ya dage a ƙara masa bugu ɗaya na tara, wannan bugun ya sa aka yi kunnen doki, aka sake karawa, kofin ya kuɓuce masa. A gasar Masters ta 1968 kuma, abokin wasan Roberto De Vicenzo ɗan Ajantina ya rubuta masa 4 a rami na 17 alhali 3 ya buga. Ya sa hannu bai duba ba, doka ta ce abin da ka sa wa hannu shi ne naka, ya rasa damar karawar ƙarshe da bugu ɗaya tak, a ranar da ya cika shekara 45.

Mu da muke tsaron jarrabawa mun san darajar wannan tarbiyya. Mun ga yaran da iyayensu ke biyan kuɗi a shigo musu da amsa, mun ga manya da ke ɗaukar satar amsa tamkar taimako. Wasan da zai koya wa ɗan shekara tara ya ce "bugu shida na yi, ba biyar ba", alhali babu wanda ya ƙirga sai shi da Allahnsa, ba wasan da za mu raina ba ne. Haka nan yana koyar da yin shiru idan wani na bugu, da gyara wurin da ka ɓata domin na bayanka, da haɗiye fushi bayan kuskure, tun da ramin gaba na jira. Malamin lissafi ma zai sami abin ɗauka, domin yaron da ke riƙe da kati tarawa da ɗebewa yake yi tun daga ramin farko har na ƙarshe.

Akwai kuma ƙofar karatu. Jami'o'in Amurka na ɗaukar nauyin karatun matasan da suka iya wasan, amma sai wanda takardunsa na makaranta suka yi kyau. Wannan sharaɗi na biyu shi ne iyaye kan manta idan suna ba da labarin.

To, ina matsalar take? Ba a sandar take ba, ba a ƙwallon ba. Tana cikin kalmar gasa idan aka haɗa ta da ɗan shekara shida. Kowace shekara a Pinehurst, a jihar North Carolina ta Amurka, ana tara yara daga ƙasashe da dama, daga 'yan shekara biyar zuwa sha biyu, a gasar da ake kira ta duniya. A irin waɗannan gasanni sau da yawa uba ne ke ɗaukar wa ɗansa jaka. A ido abin sha'awa ne. Amma a duba shi daga wajen yaron. Idan ƙungiyar makaranta ta sha kashi a ƙwallon ƙafa, yara sha ɗaya ne ke raba baƙin cikin, kowa ya ɗora wa mai tsaron gida, kafin a iso gida an manta. A golf kai kaɗai ne. Sunanka da adadin bugunka na manne a allo kowa na gani. Ƙwallo ba ta gudu balle ka ce ta zo maka da sauri. A ajiye take, kai ka buga, kai ka kuskure. Mutumin da kuma ya kamata ka ruga wurinsa ka yi kuka, shi ne tsaye a bayanka da jaka, fuska a murtuke, shi zai tuƙa ka zuwa gida, shi za ka zauna da shi a ci tuwon dare. Yaron da ubansa ya zama kociyansa ya yi rashin wurin fakewa.

Duk uban da ya shiga wannan hanya da sunan Tiger Woods yake kafa hujja. An nuna shi a talabijin yana bugu a 1978 yana ɗan shekara biyu, ya ci Masters a 1997 yana da shekara 21 da ratar bugu 12, ya tara manyan kofuna 15. Mahaifinsa Earl, tsohon soja, yakan kaɗa sulalla a aljihu ko ya yar da jaka daidai lokacin da yaron ke ɗaga sanda, wai don ya ƙarfafa masa zuciya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in ji masu wannan ra'ayi. Gaskiya ne, amma mai tanƙwara icce ya san akwai inda in ya wuce sai ya ji ƙas. Ana ba da labarin Tiger ne saboda shi ne wanda abin ya yi wa kyau. Dubban yaran da aka bi da su ta wannan hanya ba su kai ko'ina ba, babu mai ɗaukar hotonsu. Ko shi ɗin ma, a gidansu sai ya gama aikin makaranta ake barinsa ya taɓa sanda, ya yi shekara biyu a jami'ar Stanford, kuma jikinsa ya biya kuɗin: an yi masa aiki a gwiwa da baya sau da dama, har a 2017 aka haɗe masa ƙasusuwan gadon baya.

Labarin da ya fi dacewa iyaye su ji shi ne na Sean O'Hair. Mahaifinsa yakan sa shi gudun mil guda a kan kowane bugu da ya haura ƙa'ida, ya sa shi ya zama ɗan wasan kuɗi yana da shekara 17 tun bai gama sakandare ba, har ya sa shi ya rattaba hannu a takardar yarjejeniyar ba shi kaso daga abin da zai samu. Yaron ya girma ya ci kofuna, amma sai bayan da ya raba gari da uban, suka yi shekaru ba sa magana. Ty Tryon kuwa ya sami gurbi a babbar gasar ƙwararru ta Amurka a 2001 yana da shekara 17, kamfanoni suka yi masa caa, rashin lafiya ta kwantar da shi, cikin shekara biyu gurbin ya tafi, bai sake dawowa ba.

A wajenmu matsin zai fi haka nauyi, saboda talauci na ƙara masa gishiri. Mahaifin yaron farko da malamarmu ta ba da labari ba attajiri ba ne. Ma'aikaci ne mai albashi irin namu. Sanduna, takalma, kuɗin shiga gasa, kuɗin mota da masauki, duk daga bakin tukunyar gidan ake yankarsu. Mutumin da ya ci bashin adashi ya sayi jakar sanduna, ko ya so ko bai so ba, zai fara kallon ɗansa kamar gonar da ya zuba wa taki. Yara kuwa suna da kunne. Ɗan shekara goma da ya ji ana cewa an fasa sayen buhun masara saboda tafiyarsa, da wannan buhun a ka zai tsaya a gaban ƙwallo. Ba ma zargin uban da rashin ƙauna. Ƙaunar ce ma ta kai shi, tare da tsoron da kowannenmu ke da shi, na ganin matasa riƙe da takardun digiri suna zaman kashe wando.

Likitocin yara ma sun yi magana. A 2016 ƙungiyarsu ta Amurka ta ba da shawarar kada a tsare yaro a wasa guda tilo sai ya kai wajen shekara 15 ko 16, a riƙa ba shi hutun kwana ɗaya ko biyu a mako, da hutun watanni a shekara. Dalilinsu shi ne ƙashi da gaɓoɓin da ba su gama ƙwari ba suna raunana idan aka yi ta maimaita motsi iri ɗaya, kuma yaron da aka ɗora wa abu da wuri shi ya fi saurin ƙosawa ya watsar. Tarihin wasan bai ƙaryata su ba. Jack Nicklaus, wanda ya fi kowa manyan kofuna da guda 18, sai da ya kai shekara goma ya fara, kuma ya ci gaba da buga ƙwallon kwando a sakandare. Annika Sörenstam 'yar Suwidin tanis ta fara yi, ba ta koma golf ba sai tana da shekara 12. Ita ce ma ta ba da labarin cewa tana yarinya takan kuskure bugun ƙarshe da gangan don ta zo ta biyu, saboda kunyar jawabin da ake sa wanda ya ci ya yi. Wannan ya kamata ya tsaya wa kowane malami a rai: abin da babba ke kira nasara, wani lokaci shi ne abin da yaro ke gudu.

Kada kuma mu nuna iyaye da yatsa mu manta da sauran yatsun da ke kallonmu. Mu ne muke cire yaro daga aji mako biyu cur saboda wasannin gidaje ko gasar kacici-kacici, don sunan makaranta ya fito. A ofisoshinmu ne ake buga hatimi a takardar da ta ce saurayi mai gemu ɗan shekara sha uku ne. Ƙaryar shekaru ta daɗe tana zubar da mutuncin wasannin matasa a ƙasar nan, kuma da wuya ta yiwu ba tare da sa hannun wani malami ba. Idan aka shigo da wannan ɗabi'a cikin wasan da gaba ɗayansa a kan faɗin gaskiya aka gina shi, to an zubar da abu guda da ya sa muka yaba masa tun farko.

Matsayinmu ke nan. Ba mu goyi bayan a rufe ƙofa ba. Shekara ɗari 'ya'yan talakawa na ɗaukar jaka a filayen nan, ba zai zama daga bakinmu ne za a ce kada su riƙe sanda ba. Amma lokacin darasi ba na sayarwa ba ne. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro shekara tara na karatu, shida a firamare uku a ƙaramar sakandare, kuma ba ta ware zakaran wasa ba. A yi horo bayan an tashi, ko Asabar, ko lokacin hutu, ba tare da an ci lokacin Islamiyya ko na ibadar kowane yaro ba. In gasa ta faɗo a ranar karatu, a nemi izini a rubuce tun da wuri, a kuma san wanda zai rama wa yaron abin da ya wuce shi, domin ba za mu yarda a ɗora wa malamar aji wannan ƙarin aiki kyauta ba, a kan wanda ya riga ya yi mata yawa. 'Yan ƙasa da shekara goma kuwa, a ganinmu, a bar su su yi wasa kawai: su buga, su kuskure, su yi dariya, ba allon sakamako ba tafiyar kwana. Duk tafiyar da za a yi da manyansu, musamman 'yan mata, sai da malami ko malama da iyaye suka amince da su. Takardar shekaru kuma, duk ɗan ƙungiyar da ya sa hannu a kan ƙarya, kada ya zo reshe neman kariya.

Sai yaro na biyu, wanda takardar kulob ɗin ba ta ambace shi ba ko da kalma ɗaya. Yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda Nijeriya ta amince da ita a 1991, ta ba yaro haƙƙin hutu da wasa a sashe na 31, sashe na 32 kuma ya hana a sa shi aikin da zai shiga tsakaninsa da karatunsa. Jakar da ke ɗauke da sanduna har 14 ba kayan ɗan aji biyar ba ce, balle a rana tsaka, balle ranar Alhamis da ƙarfe goma na safe. Babban mutumin da ya miƙa masa jakar ya ga tsawonsa, ya kuma san ranar makaranta ce. Amma bulala ba za ta magance komai ba, tun da ba ƙiriniya ce ta kai shi ba. Tukunyar gidansu ce. In an kore shi daga filin ba tare da an ba shi madadi ba, tasha zai koma ko kasuwa, inda babu ma mai tambayar shekarunsa.

A nan ma wasan yana da misali a cikin tarihinsa. Chick Evans ɗan dakon jaka ne a Amurka kafin ya ci US Open a 1916. Asusun da aka kafa da sunansa ya fara aiki a 1930, kuma har yau yana biya wa masu ɗaukar jaka kuɗin jami'a da na masauki, bisa sharaɗin ƙoƙari a makaranta, da kyawun hali, da tabbacin cewa gidansu ba su da ƙarfi. Dubban matasa sun yi digiri ta wannan hanya. Ba mu ce kulob ɗin garinmu ya yi daidai da wannan ba. Amma mutanen da ke taruwa a can duk ƙarshen mako sun haɗa da masu faɗa a ji a gwamnati da kasuwa, kuma kuɗin littattafai da kayan makarantar yaran da ke bin su da jaka bai kai abin da suke kashewa a kan ƙwallayen da ke ɓata a ciyawa ba. Abin da za mu nema shi ne a hana yaro ɗan makaranta ɗaukar jaka a lokacin darasi, a sa mafi ƙarancin shekarun da za a yarda da su, kuma idan za a zaɓi waɗanda za a koya wa wasan, a fara da waɗannan yaran, da sharaɗin rajista ta nuna suna zuwa aji. Su ne ma suka riga suka san filin rami-rami.

Malamar dai ta rubuta "bai zo ba" a gaban sunayen biyu, da jan biro iri ɗaya. Bayan ta yi magana da hedimasta an fasa bulalar, tafin kuma aka ɗage shi zuwa ranar rabon sakamako. Tana zama da yaran biyu lokacin tara suna rama lissafin, kuma ta ce na biyun ne ke gyara wa na farkon tarawa. Reshe ya naɗa mutum uku su gana da shugabannin kulob ɗin kafin hutun zangon nan, cikinsu har da ita. Duk malami ko mahaifin da takardar ta iso hannunsa, muna roƙon ya dakata da sa hannu, ya kawo wa sakataren reshe kwafinta kafin taron wata mai zuwa.